Duwatsun Bayan Gidan Farfesa Varnum

Ranar Asabar ce a tsakiyar watan Yuni, rana ta fito da zafinta tun da sassafe, iska kuma ta tsaya cak kamar an kife wa garin kwano. Kowa ya san ruwa na nan tafe kafin yamma. Shi ya sa Odessa Gaskins ta tsaya a kan mazan nan tana azalzalarsu, butar shayi mai ƙanƙara a hannunta, tana ɗaga murya don ta rinjayi ƙarar tarakta.

Maza biyar ne daga cocinsu, na shida ƙanenta Lucius, shi ne a kan taraktar. Filin da ke bayan gidan maƙwabcinta, Farfesa Hollis Varnum, suke gyarawa. Ciyawa ta kai ƙugu, ƙaya ta sarƙe da ƙananan itatuwa. Tun da Farfesa ya sayi filin bara bai yarda kowa ya sa masa inji ba, mutane suka ɗauka shiriritar masu dogon karatu ce, suka ƙyale shi. To amma yau za a dawo da shi daga asibiti. Likitoci sun ce sun yi iyakar yinsu, an ma riga an kafa masa gado a falo daf da tagar da ke kallon filin. A nan garin namu, idan ciwo ya kayar da mutum ba a tambayarsa me yake bukata. Mata su kawo abinci, maza su zo su yanke masa ciyawa. Odessa ta ce ba za ta zuba ido dattijo ya yi kwanakinsa na ƙarshe yana kallon jeji ba, ita ta bi gida-gida ta tara mutanen.

A zagayen farko da Lucius ya yi, wuƙar injin ta daki dutse har wuta ta yi tartsatsi. Ya kashe taraktar ya sauko yana zagi ƙasa-ƙasa, don yayarsa ba ta ɗaukar zagi ko da yake ya ba sittin baya. Daga nan aka yi abin da duk mai hankali yake yi kafin ya sa inji a fili. Sauran mazan suka shiga gaba suna laluben ciyawa da ƙafa, duk dutsen da suka ci karo da shi su tumɓuke, su ɗora a baro, su kai gindin shinge. Ramin da ya bari kuma su cike shi da ƙasa su tattake, kada wani ya gurɗe ƙafa. Wani tsoho a cikinsu ya ce shi kam duwatsun nan kamar dasa su aka yi. Lucius ya ce ai ƙasar Virginia ba abin da ta iya haihuwa kamar dutse, aka yi dariya aka ci gaba. Kafin rana ta raba fili ya yi fes kamar kan yaro ranar aski. Duwatsun an tsiba su da kyau, manya a ƙasa, ƙanana a sama.

Hadari ya fara haɗowa ta yamma lokacin da motar ta shigo layi. Corinne ce ke tuƙi, 'yar Farfesa, wadda ta baro aikinta a Chicago ta zo jinya. Ita da Lucius suka kama shi suka zaunar a kujerar guragu. Ya rame har rigar sanyin da ya saka duk da zafin nan ta zama kamar an rataye ta a ƙusa. Amma idanun nan suna nan yadda Odessa ta san su.

"Mis Odessa, ashe har yanzu kina raye."

"Ina nan, Farfesa. Na yi alkawari ba zan tafi ba sai na ga ka iya dafa wake kamar mutum."

"To, ashe za ki daɗe."

Ta ce wa Corinne ta zagaya da shi ta baya, akwai abin da za a nuna masa. Mazan suka jeru a inuwa suna share gumi, kowa da murmushinsa na wanda ya yi aikin lada. Farfesa ya dubi filin daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya sake dubawa. Odessa ta ga hannunsa ya damƙi hannun kujerar.

"Ina duwatsun?"

"Ga su can, Farfesa, mun tsiba maka," in ji Lucius. "Saura kaɗan ɗayan ya raba ni da wuƙar injina."

Bai kalli Lucius ba. Odessa ya kalla.

"Mis Odessa, mutane ne a ƙarƙashinsu."

Tsohon nan da ya ce kamar dasa su aka yi ya cire hularsa a hankali. Sai ɗigon farko ya faɗo a kan murfin butar shayin. Ruwan da aka yi ranar bai ɗauke ba sai washegari, ya kwantar da yankakkiyar ciyawa, ya mayar da sabuwar ƙasa da tsohuwa launi ɗaya.

Baƙon Arewa ake ce wa Farfesa Varnum a garin, ko da yake ya fi shekara talatin a cikinmu. Daga can arewacin Amurka, ƙasar dusar ƙanƙara, ya zo koyar da tarihi a jami'a, tarihin zamanin da Amurka ba ta zama Amurka ba, lokacin da Turawa suka fara kafa gandayen taba a bakin kogunan nan. Littafinsa na farko a kan masu gandayen ne, shi ya fito da sunansa, har aka ba shi lambar yabo. Shi kuwa daga baya ba ya so a ambaci littafin. Ya taɓa gaya wa Odessa ta saman shinge cewa a ciki ya lissafa bayi tare da shanu da tukwane, yadda ya tarar da su a takardun rabon gado, bai ko tsaya ya tambayi sunayensu ba. Sauran rayuwarsa ya ƙarar da ita yana biyan wannan. Ya bi ɗakunan ajiyar tsofaffin takardun kotu gunduma-gunduma, yana shaƙar ƙura, yana tsinto suna ɗaya nan ɗaya can, ya haɗa uwa da ɗanta, ya bi sawun wanda aka sayar har inda aka kai shi. Littattafai huɗu ya ƙara a kan haka. Ya ba Odessa kowanne da sa hannunsa. Ta karanta na uku har ƙarshe tana kuka, na biyu kuwa ta gaya masa gaskiya cewa ya fi maganin barci aiki.

Tun da matarsa ta rasu, Odessa ce ke leƙa shi. Ita ma gwauruwa ce, ta yi ritaya daga tuƙin motar 'yan makaranta. Ba ta taɓa kiransa da sunansa ba, shi ma bai taɓa cire mata "Mis" ba, amma ba ranar da ba su tsokani juna.

Ranar Lahadi ba ta je coci ba. Ta gasa burodin masara ta rufe da ƙyalle ta haye gidan. Ta tarar da shi a jingine da matasai, fuska ga taga, injin iskar numfashi yana ta huci a gefen gado. Ta ajiye farantin, ta ja kujera, ta ce ya gaya mata duka.

Ya ce filin wani yanki ne na tsohon gandun Carrow, kuma nan ne aka riƙa binne bayin gandun tun kafin a haifi kakannin kakannin Odessa. Ba a yi musu rubutu. Dutsen gona ake kafawa, ɗaya a kai, ɗaya a ƙafa, fuska ga gabas. Da kakar da ya sayi filin ya gano su, yana rarrafe cikin ciyawa, don da yawa sun nutse, wasu sun karkace, ba mai ganin jerinsu yana tsaye. Ya yi magana da mutanen jami'a za su zo da kayan awo idan ganye ya zube. Bai zana taswira ba, ya ce a ransa dutsen da ya jira shekara ɗari biyu da hamsin ai zai jira rani ɗaya. Hotuna kam ya ɗauka, amma kowane dutse shi kaɗai, daf da daf. Hoton zai nuna maka dutsen, ba zai nuna maka inda yake ba.

"Shinge ɗaya ne tsakaninmu, Farfesa. Me ya hana ka buɗe baki?"

Ya ce ta san ƙa'idarsa, duk ɗaliban da suka ratsa hannunsa sun san ta: ba ya faɗin abu sai ya sami shaida biyu. Sai ya tuna mata wata hira da suka yi shekarun baya, da ta ce kakarta takan ce uwarsu ta farko a ƙasar nan, Binah, tana kwance a Carrow tana fuskantar kogi. Ya ce ya sami sunan Binah a takardun gandun. Amma gandun yana da faɗi, ba abin da ya tabbatar masa a wannan filin take, ba a wani ba.

"Tsoro na ji in ba ki kabari, daga baya in dawo in karɓe."

Odessa ta kalli tsibin duwatsun ta taga. Jiya da hannunta ta miƙa shayi ga masu tumɓuke su.

"Kai da shaidunka, ni da ladana," ta ce. "Garin neman gira mun rasa ido, ni da kai duka." Ta share fuska da gefen rigarta. "Kana tuna inda kowanne yake?"

"Wasu. Idan kaina ya washe."

Nan ne gizo ke saƙar. Maganin da nas ta bari ana ɗiga masa a baki yana kashe zafin ciwon, amma yana tafiya da hankalinsa, ya bar shi yana kiran matarsa da ta rasu. In ba a ba shi ba kuwa, kansa garau, amma ciwon yana cin sa kamar ana tsaga shi da zarto. Ya ce daga gobe kada a ba shi na safe sai an dawo daga fili.

Corinne ta bi Odessa har baranda ta ja ƙofa. Mace ce mai magana a hankali, amma ranar ba ta ɓoye komai ba. Ta ce tun tana yarinya matattu ne suke da ubanta. Ranar bikin makarantarta yana wata gunduma yana karanta wasiyyar mutumin da ya mutu tun zamanin sarakunan Ingila. Yanzu ta baro komai ta zo don ta same shi na 'yan kwanaki, ga matattun sun sake zuwa ɗaukarsa.

"Kuma cikin azaba, Mis Odessa. Saboda duwatsu."

Odessa ba ta yi mata musu ba. Ta ce da ubanta ne ita ma haka za ta ce. Ta cikin taga sai suka ji muryarsa, siririya, yana cewa ciwo ya ci hantarsa amma bai taɓa kunnensa ba, kuma a nemo masa hularsa ta malafa.

Da safiyar Litinin mazan suka dawo kafin su tafi wurin aiki. Ba wanda ya kira su. Ba wanda ya yarda a sa taya a filin kuma, don haka mutum huɗu suka ɗaga shi da kujerar gaba ɗaya, suna takawa kamar a kan ƙwai. Corinne ta biyo su da lema da kwalin hotuna, fuska a murtuke.

Daga tsohuwar bishiyar da ke ƙarshen fili ya fara. Ya ce daga gindinta in ka fuskanci kogi ka yi 'yan taku, akwai wani jan dutse mai faɗi da ya karkata hagu. Odessa, da shekarunta sittin da takwas da gwiwar da ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ta durƙusa tana danna ƙasa da yatsu. Tsohuwar ƙasa tauri ne da ita, wadda aka zuba ranar Asabar kuwa yatsa na nutsewa. Da ta sami wuri mai laushi sai a tono shi da hannu. Corinne ta nemo hoton, Lucius ya je tsibi ya nemo dutsen, a dube shi, a ga zanen da ƙasa ta yi masa inda ya nutse, a mayar da shi daidai wannan zurfin. Farfesa ya gyaɗa kai, a wuce na gaba.

Gumi na tsattsafo masa, leɓɓansa sun yi fari, amma bakin bai mutu ba. Ya ce da Lucius bai taɓa ganin mutumin da ya rushe tarihi da ladabi irin nasa ba, har da jera shi manya a ƙasa. Lucius ya ce shi dai daga yau ko tsakuwa ya gani a takalminsa sai ya zo ya nemi izinin Farfesa. Da suka zo kan wasu ramuka biyu da tazararsu ba ta wuce tsawon hannu ba, raha ta tsaya. Ya ce wannan jariri ne. Corinne ce ta karɓi ƙaramin dutsen daga hannun Lucius ta durƙusa ta kafa shi da kanta, ta danne gefensa da tafin hannu. Wandonta mai tsada ya sha jar laka, ba ta ko duba ba.

Yana cikin aikin yakan ambaci sunayen da ya tsinto a takardun gandun: Cuffy, Doll, Tsoho Ned, Phillis da 'ya'yanta. Bai taɓa cewa wannan dutsen na wane ne ba. Odessa ta lura mazan suna maimaita sunayen ƙasa-ƙasa. Ranar an mayar da duwatsu da yawa, har ta fara sa rai. Da aka shigar da shi gida aka ɗiga masa maganin, ya riƙe hannun 'yarsa har barci ya ɗauke shi.

Talata abin ya fara wuya. Gefen bishiya ya ƙare, an shigo fili sosai, shi kuwa da ƙaya da ƙananan itatuwa yake gane wuri, ga shi duk inji ya share su. Yakan ce a dama da kurmin ƙayar nan, sai ya ɗaga ido ya ga ba kurmi. Sau ɗaya ya fusata ya bugi hannun kujera, ya ce wane irin mutane ne ba sa iya ganin ciyawa su bar ta ta zauna lafiya. Can ya nemi afuwa. Tsohon nan ya ce ba komai, Farfesa, zage mu, mun ci zagi.

Laraba ya sa aka kafa wani dutse, aka danne, aka wuce. Sai ya ce a dawo a cire shi, bai tabbata ba. Numfashinsa ya riga ya fara sarƙewa, maganarsa tana fita guntu-guntu. Ya yafito Odessa, ya ce ta je tsibi ta ɗauko wani fari mai ƙyalli. Ta kawo shi a ƙirji kamar jariri. Ya sa yatsanta a kan wata 'yar tsaga da aka sassaƙa a samansa, miƙaƙƙiya, aikin hannun mutum. Ya ce a duk filin shi kaɗai ne aka yi wa alama. Shi ya fi kowanne nutsewa, a tsakiya yake, sauran sun kewaye shi kusa-kusa, kamar kowa na so a kwantar da shi gefen mai shi.

"Babbar mace ce ko babban mutum. Ina jin Binah ce." Ya rufe ido. "Ba ni da shaida ko ɗaya, Mis Odessa. Zato ne. Shekara arba'in ban yi zato da ƙarfi ba, kada ki gaya wa kowa."

"Bakina ƙanin ƙafata," ta ce, hawaye na sauka kan dutsen.

Suka nufi tsakiyar filin. A nan ne taraktar ta riƙa juyawa ranar Asabar, ta dagargaza wurin, ruwa kuma ya zo ya dama. Duk inda Odessa ta danna, yatsa nutsewa yake. Ta yi rarrafe gaba da baya har gwiwarta ta daina ji. Farfesa ya ce a juya shi ya fuskanci gida, a sake juya shi ya fuskanci kogi. Ya ce wurin yana nan a kansa, yana ganinsa, akwai wani abu da yakan daidaita shi da shi, bututun hayaƙin gidan ne ko kusurwar rumfa. Sai kansa ya langaɓe. Ya ce gobe, da sassafe kafin ciwon ya farka, zai tuna.

Odessa ta kai farin dutsen gidanta ta ajiye a kan teburin cin abinci. Gari na wayewa ta haye da shi.

Tun daga baranda ta ji nishinsa. Ba irin na kwanakin baya ba ne. Ya dunƙule a gado, ya cije gefen matashi, zanen gadon ya jiƙe sharkaf. Corinne tana tsaye da 'yar kwalbar maganin a hannu, idanunta sun kumbura. Ta ce tun asuba take roƙonsa ya ƙi buɗe baki. Mazan suna waje sun jeru, huluna a hannu.

Ya ga Odessa, ya ga dutsen. "Ku ɗauke ni," ya ce. "Rabin awa kawai. Na kusa tunawa."

Corinne ta juyo ta kalli Odessa, kallon wanda ya gaji da faɗa ya miƙa wuya. Odessa ta gane maganar a hannunta take. In ta ce a ɗauke shi, za a ɗauke shi. Tun tana 'yar yarinya a gindin kakarta take jin sunan Binah, ba ta taɓa zaton akwai wurin da mutum zai tsaya ya ce nan take ba. Ga wurin nan bayan taga, taku kaɗan. Ta dubi yatsunsa da suka shige cikin katifa.

Ta sunkuya ta ajiye dutsen a ƙasa. Ta zauna a bakin gadon ta ɗago kansa ta ɗora a hannunta, abin da ba ta taɓa yi ba duk zamansu.

"Buɗe baki, Farfesa."

"Mis Odessa, saura ƙiris."

"Na ji. Binah ta yi shekara ɗari biyu da hamsin a filin nan ba ta ɓata ba, ni ce ban san wurin ba. Buɗe baki, kada ka sa in toshe maka hanci a gaban 'yarka."

Wani abu mai kama da dariya ya fito daga maƙogwaronsa. Ya buɗe. Corinne ta ɗiga masa. A hankali yatsun suka saki katifar. Odessa ta fita ta gaya wa mazan su tafi aiki, an gama.

Bai sake dawowa hayyacinsa sosai ba. Yakan farka ya kalli Corinne ya kira ta da sunan da yake kiranta tana ƙarama, ita kuwa ta kwanta a gefensa a ɗan gadon nan tana ba shi labarin 'ya'yanta. Mata suka yi ta kawo abinci har firiji ya ƙi rufuwa. Ranar Asabar da hantsi Odessa tana zaune a baranda tana ɓare wake a cinya, sai ta ji hucin injin numfashin ya tsaya. Ta jira ko zai dawo. Ta ƙarasa ɓare kwafson da ke hannunta, ta ajiye kwanon, ta shiga.

An kai shi Arewa an binne kusa da matarsa. Jaridu sun rubuta labarinsa, da littattafansa biyar da lambobin yabo da ɗaliban da ya yaye. Corinne ta bar filin a hannun cocin. Da ganye ya zube mutanen jami'a suka zo da na'urarsu suka yi ta turawa a kan ƙasa. Sun ce za su iya nuna inda aka taɓa haƙa rami, amma wane dutse ne na wane rami, wannan ya tafi da mai shi.

Lucius ya ce tunda haka ne a jera sauran kawai a kan ramukan, ai dutse dutse ne, ya fi a bar su a tsibe kamar kayan gini. Fasto ma ya goyi bayansa. Odessa ta ce a'a. Ta ce sau ɗaya ta taɓa yi wa mutanen nan gyara ba ta tambaya ba, ba za ta ƙara ɗora wa wani dutsen wani a ka ba. Ta ɗauko farin daga gidanta ta kai shi wurin 'yan'uwansa.

Duwatsu arba'in da uku aka tumɓuke ranar Asabar ɗin nan. Ashirin da shida sun koma mazauninsu. Goma sha bakwai suna nan a gindin shinge, farin a samansu, ciyawa ta fara ratsowa ta tsakaninsu.